Gubar Dalma da Haƙar Zinare: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, sai ka ga samari sun saɓa diga da shebur sun nufi daji, daga Anka zuwa Birnin Gwari, daga Kagara zuwa Yawuri. Neman halal ne, ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai a wasu wuraren dutsen da ke ɗauke da zinaren yana ɗauke da dalma, kuma ita dalmar ba ta wari, ba a jin ɗacinta, ido ba ya rarrabe ƙurarta da ƙurar tsakar gida. Yara ƙanana take fara ɗauka. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan al'amari, daga masu haƙar da iyalansu, da kuma mutanen birni da ke ganin abin bai shafe su ba.

Wai me ya faru ne a Zamfara a 2010?

A farkon shekarar, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, agwagi suka riƙa mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Can sai abin ya koma kan yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya daina wasa, sai jijjiga, bayan kwana biyu a kai shi makwancinsa. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shiga yankin don sa ido kan sanƙarau kamar yadda aka saba idan bazara ta kama, suka tarar da sababbin kaburburan yara fiye da kima. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, shiru. Sai da aka aika jinin wasu yaran zuwa ɗakin gwaji a Turai sannan aka gano dalma ce.

A watan Mayu jami'an hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da jami'an Najeriya, suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. A cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Yawancinsu da jijjiga suka cika. Cikin waɗanda ke raye aka gwada 204, ba a samu ko ɗaya da jininsa ya kuɓuta ba, kuma kashi 97 cikin ɗari suna matakin da dole sai an ba su maganin fitar da gubar. Daga baya aka samu irin wannan a Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega. Yaran da suka mutu sun haura 400, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu.

Ai dalmar nan tana cikin ƙasa tun kaka da kakanni. Me ya sa sai a lokacin ta fara kisa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, domin amsarta ce ke nuna inda hannun ɗan Adam ya shigo. Dalmar da ke ƙulle cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa ba ta cutar da kowa. Mutanen yankin sun daɗe suna wankin zinare a bakin rafi ba tare da sun binne 'ya'yansu ba.

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko farashi: a 2001 oza ɗaya ta zinare ba ta kai dala 300 ba, a 2008 ta haura dala 1,000, a 2011 ta doshi 1,900. Manomin da gero da dawarsa ba sa kai shi wata damina ya ga cewa buhun dutse ya fi buhun hatsi. Na biyu, jijiyar dutsen da aka faɗa wa a wasu ramukan tana da dalma mai yawan gaske, a wasu samfuran fiye da kashi goma cikin ɗari, kuma irin wadda ruwan cikin mutum ke narkarwa cikin sauƙi. Na uku, kuma shi ne ya ɓata komai, injin niƙa. Injin da aka sani da niƙa masara da dawa aka juya shi ya koma niƙa dutse, a busashe, a tsakiyar gari. Dutsen da a da sai an wuni ana fasa kaɗan da guduma, yanzu buhu-buhu ake zuba shi, ya fito da laushi kamar garin tuwo, iska ta kwashe sauran ta raba wa maƙwabta.

Aka kuma shigo da aikin cikin gida. Binciken da aka yi a waɗancan ƙauyuka biyu ya nuna kusan gida biyu cikin uku ana fasa dutse, ko daka shi, ko shanya shi, ko wanke shi a tsakar gida. Akwai masu ɗora laifin a kan kulle, wai da mata suna fita da aikin bai shigo gida ba. Ni ban ga haka ba. Matar da ke cikin gida ta saba karɓar surfe da daka don ta sami na kashewa, aka kawo mata dutse da ladan da ya ninka na surfe, ta karɓa. Ba wanda ya gaya mata, ba wanda ya gaya wa mijinta, cewa akwai guba a ciki.

Yaron da ko ramin bai taɓa gani ba, ta ina gubar ke shiga jikinsa?

Ta baki, galibi. Duba yaro mai rarrafe a tsakar gida na minti goma kawai. Ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Ya tsinci marfin kwalba, ya tsotsa. Ƙosansa ya faɗi, ya ɗauka ya ci gaba da ci. A gida mai tsabta ma yaro yana haɗiyar ƙasa kaɗan-kaɗan kowace rana. Idan ƙasar ta gauraye da garin dutse mai dalma, kowace loma guba ce.

A wancan lokacin hukumar kare muhalli ta Amurka tana ɗaukar kashi 400 cikin miliyan a matsayin iyakar dalmar da za a lamunta a ƙasar da yara ke wasa a kai. A wasu gidajen Zamfara an auna fiye da 100,000.

Sauran hanyoyin su ne turmin da aka daka dutse da safe aka daka gero da yamma, tabarmar da aka shanya garin dutse aka dawo aka shanya tsaba, buhun da aka ɗauko dutse aka mayar da shi abin zama, rigar maigida da ya dawo da ita fari fat yaro ya ruga ya rungume shi, da kuma rijiyar da ba ta da murfi. Har tubalin gini, idan daga kududdufin da ake zubar da dusar dutse aka ɗebo ƙasarsa.

To me ya sa manyan da ke aikin da hannunsu ba su mutu ba, sai yara?

Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa daga abin da aka haɗiya. Jikinsa ƙarami ne, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa, shingen da ke kare ta daga abin da ke yawo cikin jini bai gama ƙwari ba. Jiki yana ruɗewa ya ɗauki dalma a matsayin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi ko sinadarin ƙarfe mai gina jini, saboda haka yaron da ba ya samun isasshen abinci mai gina jiki, ko wanda cikinsa ke wofi, ya fi saurin kamuwa. Idan ta yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta kumbura, daga nan jijjiga, daga nan suma.

Manyan ma ba tsira suka yi ba, nasu a hankali yake zuwa: hawan jini, ciwon ƙoda, ciwon gaɓoɓi, kasala, mantuwa, raunin mazakuta da ƙarancin haihuwa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da su sun nuna cewa a 2021 dalma ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi a duniya, yawanci ta hanyar ciwon zuciya da jijiyoyin jini. Magidancin da ya yanke jiki ya faɗi yana ɗan shekara arba'in da biyar, wa zai tuna da injin niƙan da ya yi wa aiki shekara goma baya?

Waɗanne alamomi ne uwa za ta lura da su?

Abin takaicin shi ne yawancin yaran da ke ɗauke da gubar ba sa nuna alamar komai. Idan ta fara bayyana, sai ta yi kama da cututtukan da aka saba gani: ƙin cin abinci, amai, murɗawar ciki, taurin bayan gida, fari-farin ido da tafin hannu na ƙarancin jini, yawan kuka da fushi, ko yaro ya yi laƙwas ya daina wasa. Wata alamar da ta kamata a riƙe ita ce komawa baya, wato yaron da ya fara tafiya ya koma rarrafe, ko wanda ya fara kiran Mama da Baba ya yi shiru.

Jijjiga, sanƙarewa, tangaɗi ko barcin da ba a iya tashin yaro daga shi, waɗannan na gaggawa ne. A ƙauyukanmu da an ga yaro yana jijjiga idonsa ya kafe, abin da ake fara cewa shi ne iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa baki. Ba wanda ya hana addu'a da tofi, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Kuma a faɗa wa ma'aikacin lafiya kai tsaye cewa ana aikin dutse a gidan ko a garin, don idan ba a faɗa ba zai ba da maganin zazzaɓi ne ya sallame ku.

Yaya ake tabbatarwa?

Gwajin jini kaɗai. Ana ƙirga mikrogram nawa na dalma ke cikin desilita ɗaya ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Babu adadin da masana suka yarda cewa ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da zarar an kai 5 a nemo inda gubar ke fitowa a toshe, Amurka ma tun 2021 ta sauko da nata ma'aunin zuwa 3.5. Daga 45 ake maganar magani na musamman ga yaro.

Ƙaramar na'urar da aka fara zuwa da ita ƙauyukan Zamfara ba ta iya karanta abin da ya wuce 65. Yaro bayan yaro, sai ta nuna kawai cewa ya zarce iyakarta. Da aka kai jinin manyan ɗakunan gwaji sai aka tarar wasu suna cikin ɗaruruwa.

Akwai magani?

Akwai maganin da ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Wanda aka fi amfani da shi a Zamfara shi ne DMSA, na sha ne, ana yin makonni ana shansa, sau da yawa a huta a sake wani zagayen, domin da an rage ta jini sai wadda ke ɓoye cikin ƙashi ta sake fitowa. Dalma tana yin wajen wata guda kafin rabinta ya bar jini, amma a ƙashi da haƙori tana iya yin shekaru gommai. Da aka fara ba da maganin nan mace-mace sun ragu ƙwarai da gaske.

Abu biyu ne ba ya yi. Ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Kuma ba ya amfani idan yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Ba magani ne da za a saya a kemis a riƙa ba yaro da ka ba, sai a ƙarƙashin kulawar likita da gwaji akai-akai.

Gaskiya ne likitoci sun daɗe ba su fara ba yaran Bagega magani ba?

Gaskiya ne, kuma ba rashin tausayi ya sa ba. Ƙa'idar ita ce sai an tsabtace gida kafin a fara maganin, in ba haka ba ana fitar da guba ta nan tana shiga ta can. Ƙauyuka bakwai na farko an tsabtace su tsakanin tsakiyar 2010 da farkon 2011, da taimakon kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, wadda yanzu ake kira Pure Earth, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da masarautu. Bagega ta fi su girma, kuma ita ce cibiyar niƙan dutse, aikinta ya fi ƙarfin kuɗin agaji. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Kuɗin bai fito ba sai a farkon 2013, bayan matsin lambar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da gangamin da matasan Follow The Money suka yi a intanet. Duk tsawon wannan lokacin yara kusan 1,500 suna rarrafe a kan ƙasa mai guba, ga magani a ajiye. Ko wane uzuri za a kawo, wannan jinkirin ba shi da kyan gani.

Ita kanta tsabtacewar ba wani aikin injiniya mai wuyar fahimta ba ne. Ana ɗora wata na'urar hannu a kan ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin nan take. Inda ya wuce ƙa'ida, sai samarin gari su kankare saman ƙasar da fartanya, kamar kaurin yatsu uku, a zuba a buhuna, a kai wani rami da aka tanada a bayan gari a binne. Sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a share ɗakuna, a wanke kayan gida, wasu wuraren a dafe da siminti. Gida-gida, lungu-lungu, har kududdufai. Wahalarsa yawa ce da kuɗin lebura, da kuma tabbatar da cewa bayan an tafi ba a sake shigo da dutsen ba.

Idan an tafasa ruwa, ko an ba yaro madara ko manja, ba za su karya gubar ba?

A'a. Tafasa ruwa ƙwayoyin cuta yake kashewa, dalma kuwa ƙarfe ce, ba ta mutuwa, ba ta ruɓewa. Madara da manja ba sa fitar da ita. Abin da abinci mai kyau ke yi shi ne rage yawan wadda hanji ke tsotsewa, saboda haka nono, wake, ƙwai, kifi, zogale, miyar kuka da lemo suna da amfani, musamman idan yaro yana karya kumallo da wuri. Taimako ne, ba magani ba.

Mai ciki da mai shayarwa fa?

Dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Abin da ya fi ban tsoro shi ne wadda ta taru a ƙashin mace tun tana yarinya: lokacin goyon ciki jiki yana ɗebo kalsiyam daga ƙashin uwa don gina na jariri, sai dalmar ta biyo. Tana kawo ɓari, haihuwar bakwaini, jariri maras nauyi, da hawan jinin masu ciki. 'Yan matan da suka rayu a Dareta da Bagega suna 'yan shekara uku a 2010 yanzu sun kai munzalin aure. Ya kamata duk wadda ta tashi a irin waɗannan garuruwa ta faɗa a wurin awo.

Batun shayarwa kuwa, kada a yaye yaro don tsoro. Ga yawancin mata amfanin nonon ya fi haɗarin yawa nesa ba kusa ba. Likita ne kaɗai, bayan gwaji, zai ce a dakata.

Maigidana a daba yake aiki, wato wurin da ake aikin dutsen zinare, da shi muke ci. Me zan iya yi?

Ba sai ya bar sana'arsa ba, 'yar'uwa. Abin da ake nema shi ne aikin ya tsaya a wurin aiki. Kada dutse, ko garinsa, ko buhunsa, ko gudumarsa su ƙetare zaure. Ya ware tufafi da takalmin aiki ya bar su can, ya yi wanka da sabulu kafin ya shigo, in ba hali ya yi kafin ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a kwano. Idan dole ke za ki wanke kayan aikin, ki wanke su daban, a bokiti daban, ki zubar da ruwan inda yara ba sa zuwa. Kada a aiki yaro kai abinci daba, kada mai goyo ta je talla wurin injin.

A cikin gida ki riƙa yayyafa ruwa kafin shara. Ki wanke wa yara hannu kafin su ci komai, ki zaunar da mai rarrafe a kan tabarma mai tsabta, ki rufe abinci da randa. Turmin da aka taɓa daka dutse a ciki ya tashi daga aikin abinci har abada, duk kyansa.

Shi kuma maigidan ki gaya masa a daba ma akwai gyara. A Shikira ta jihar Neja an gwada fesa ruwa a bakin injin lokacin niƙa, ƙurar dalma a iska ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, jinin masu aikin ma ya sauka. Ruwan yana kuma rage ƙurar dutse mai cinye huhu, wadda ke buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ƙurar.

Me ya hana gwamnati ta haramta haƙar gaba ɗaya a huta?

An gwada. Tun a 2010 an ba da sanarwar hani, sannan a watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai a Disambar 2024. Haƙa ba ta tsaya ba. Mutumin da ba shi da wata hanyar ciyar da gidansa ba zai daina ba don an faɗa a rediyo. Abin da hani ke jawowa shi ne ɓoyo, kuma ina ne ya fi dacewa da ɓoyo in ba cikin gida ba, bayan katanga, inda yaran suke? An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Mai ɓoye sana'arsa kuma ba zai kai ɗansa gwaji ba, ba zai faɗa wa likita gaskiya ba.

Akwai kuma sarƙaƙiyar iko. A tsarin mulkin Najeriya da dokar ma'adinai ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na tarayya ne, Abuja ke ba da lasisi. Asibiti da muhallin ƙauye kuwa suna wuyan jiha da ƙaramar hukuma. Mai karɓar kuɗin shiga daban, mai jinya daban. Abin da ya yi aiki a zahiri shi ne lokacin da sarakuna da hakimai da dagatai suka tsaya suka ce a fitar da injuna bayan gari, suka kuma sa ido. Maganar mai gari ta fi takardar Abuja saurin isa tsakar gida.

Zaibar da ake kama zinare da ita, ita ma dalma ce?

Guba ce daban. Ana cuɗa zaiba da garin da aka wanke ta haɗe zinaren, sannan a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi ta bar zinare. Wannan tururin ba a ganinsa, yana shiga huhu ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kawo karkarwar hannu, mantuwa da saurin fushi. Wadda ta zube a rafi kuma tana taruwa a jikin kifi. Garin Minamata na Japan ne ya fara nuna wa duniya illar wannan a 1956, shi ya sa yarjejeniyar rage amfani da zaiba ta 2013 ke ɗauke da sunansa, Najeriya kuma tana cikin waɗanda suka amince da ita. Ba kowane ramin zinare ke da dalma ba, amma kusan ko'ina ƙananan masu haƙa suna taɓa zaiba, har 'yan'uwanmu da ke zuwa ci-rani filayen zinare na Nijar, Sudan da Ghana. Kada a taɓa ƙona ta a ɗaki ko a murhun girki.

Mu da muke birni, ina ruwanmu da wannan?

Rahoton da UNICEF da Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai 5 ko fiye. Mafi yawansu ba su taɓa ganin ramin zinare ba.

Babbar hanyar birni ita ce tsohon batirin mota da na sola. Wanda ke fasa shi da gatari, ya zubar da ruwansa a kwata, ya narka dalmar a bayan shago, yana yi wa unguwarsa abin da injin niƙa ya yi wa Dareta. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 ta wannan hanyar. Yanzu da sola ta shiga kowane lungu, matattun batura sai ƙaruwa suke yi.

Sai kwalli. Na san wannan zai sosa ran iyayenmu mata, amma kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan sau da yawa ma'adinin dalma ne tsantsa. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu da gubar, aka bi diddigi aka tarar kwallin da ake sa masa fiye da kashi 80 cikin ɗarinsa dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. A bar sa wa jarirai. Akwai kuma fentin mai na da, musamman ja da rawaya, idan ya fara ɓarewa, da tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfen da ba a san asalinsa ba. Fetur mai dalma dai an rabu da shi, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina tun farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021.

Dabbobi da amfanin gona suna ɗauka?

Suna ɗauka. Kaji da agwagi masu tsattsagar ƙasa su ke fara faɗuwa, sai awaki da shanun da ke shan ruwan kududdufin wanki. Idan tsuntsayen gida suka fara mutuwa ba dalili a garin da ake aikin dutse, a ɗauke shi gargaɗi. Hatsi kuwa ba daga saiwa ya fi ɗauka ba, daga ƙurar da ke sauka a kansa ne wajen shanya, sussuka da niƙa. Injin da ya taɓa niƙa dutse kada a kai masa hatsi.

Yanzu an shawo kan matsalar ke nan?

Mace-macen da aka gani a 2010 sun lafa, amma a 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a yankin Shikira, inda yara 28 suka rasu. Hanya ɗaya ce, dutse ɗaya, injin niƙa ɗaya, shekara biyar kacal bayan Zamfara. MSF ta miƙa aikinta na Zamfara ga hukumomin jiha a farkon 2022, bayan ta gwada yara fiye da 8,000 a cikin shekara goma sha ɗaya. Rashin tsaro ya sa wasu ƙauyukan ma'aikatan lafiya ba sa iya shiga, zinare kuma ya fi na wancan lokacin tsada.

Sannan akwai waɗanda ba a ƙirga su. Wasu yaran sun rayu da makanta, ko kurumta, ko shanyewar gaɓoɓi. Da yawa kuma lafiyarsu ƙalau a ido, sai dai karatu ba ya zama, allo ɗaya a yi wata ana wankewa ana sake rubutawa, malam ya ce yaron daƙiƙi ne, uba ya ce taurin kai ne, a haɗa masa da bulala. Irin waɗannan suna buƙatar haƙuri da koyarwa ta musamman, kuma makarantunmu na boko da na allo ba a shirya su don haka ba.

Idan ina zargin akwai gubar a garinmu, ina zan nufa?

Fara da asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa, ka nemi a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Kowace ƙaramar hukuma tana da shi, kuma ta hannunsa rahoto ke isa ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja. Ka tafi da bayani a tsare: yara nawa ne suka kwanta, shekarunsu, unguwarsu, ko sun yi jijjiga, ko dabbobi sun mutu, da inda injuna suke. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci a rana guda, don shi ke da ikon cewa a fitar da dutse daga gidaje tun kafin jami'ai su iso. Yaron da ke jijjiga kuwa ba ya jiran rahoto, a wuce da shi babban asibiti nan take, sauran yaran gidan a mayar da su wurin dangi a unguwar da ba a aikin dutse har sai an auna ƙasar gidan.